Ƙafar Baba Ce Ko Motar?

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, tare da addu'ar wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aiki, ya raya yara, ya sa nisan da ke tsakaninmu ya zama na alheri. Mu nan muna lafiya, sai godiyar Allah. Hawan jinin Inna ya sauka, likita ya ce ta rage gishiri, ita kuma ta ce likitan ne bai san daɗin duniya ba. Maigidana yana miƙo gaisuwa. Ɗinki yana tafiya daidai gwargwado, har na ƙara keke ɗaya a shagon nan nawa na ƙofar gidan Baba. Auta kuwa yana nan yadda ka bar shi, gemu ya cika fuska amma har yau baki ne a gaba, aiki a baya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili biyu ne. Na farko, a waya ba ka bari in kai aya, ina cikin shimfiɗa ka riga ka yanke hukunci. Na biyu, kunnen Baba yana nan garau, kuma maganar da zan yi ba ta shiga kunnensa ba ce. Maganar motarsa ce da makullin da ka ce a karɓe. Abubuwa sun faru tun daga ranar, kaina ya ɗaure, na rasa wanda zan gaya wa in ba kai ba. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗaga waya.

Bari in ɗauko maka daga farko, don abin da Auta ya ba ka rabin labari ne. Wata uku da suka wuce tsohuwar farar motar nan da ka koyi tuƙi da ita ta tsiro da wani hali. Da safe za ta tashi lafiya lau. Sai an hau hanya an taka totur, musamman a hawan nan na bayan tankin ruwa, ta fara fizga kamar wanda loma ta sarƙe, salansa tana tari, ƙarfinta ya zube, wani lokaci ma ta mutu a tsakiyar titi. Makanikai suna ce wa wannan misin, wai wani sashe na injin ne yake ƙin kama wuta a lokacin da ya kamata. Ni dai abin da na sani, duk ranar da na shige ta sai na sauka da ciwon wuya.

Sau huɗu Baba yana kai ta garejin Dogo, makanikensa na tun muna yara. Zuwan farko Dogo ya canja fulogi. Na biyu ya canja wayoyin fulogin da kwayil. Na uku ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur a cikin tsohon kwano, yana hura ƙananan ramukanta da baki. Na huɗu ya sa sabuwar matatar mai. Kowane zuwa sai ya shiga ya zaga gari da ita, ya hau hawan nan ya sauko, motar tana tafiya sumul kamar ba ita ba. Ko sau ɗaya ba ta taɓa yi a hannunsa ba. Auta ma ya karɓe ta ranar da aka dawo da ita daga gareji, ya tuƙa ya dawo yana cewa ko sabuwa sai haka. Amma da ta yi 'yan kwanaki a hannun Baba sai ciwon ya dawo.

Sai ranar nan da ta mutu a mahaɗar bakin kasuwa, Inna tana ciki, babbar motar kaya ta taho ta tsaya da ƙyar, har direban ya leƙo ya ce tsoho ya koma gida ya huta. Wannan ka ji shi. A ranar Auta ya kira ka ya ce lafiyar mota ƙalau, ƙafar Baba ce ta fara rawa a kan totur. Dogo ma da aka matsa masa, kansa a sunkuye ya ce shi dai bai ga laifin mota ba. Ka ce a karɓe makulli, aka kuma tura ni, wai don ni ce ba ya iya yi wa faɗa. Bai kuwa yi ba. Ya zare makullin daga zobe ya ɗora a tafin hannuna, ya ce shekara arba'in yana tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba, yau 'ya'yansa sun gano ƙafarsa ta lalace. Sannan ya ɗaga ƙafar dama ya riƙe ta a iska, ya ce in duba da kyau. Ko motsi ba ta yi ba. Wallahi Yaya da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar ya daina cin abinci tare da mu. Kullum da safe sai ya ɗauko bokiti ya wanke motar da ba zai tuƙa ba, ya goge gilashi, ya koma kan benci ya zauna yana kallonta. Ina daga shago ina hangensa, makullin yana cikin aljihun kekena tare da almakashi, nakan ji kamar garwashi na ajiye.

A tsakanin nan kowa ya zama likitan mota. Maƙwabcinmu mai walda ya rantse ruwa ne a cikin fetur. Maigidana ya ce kwayil ne yake yin zafi, na ce ai an canja, ya ce to sabon ma yana iya yin zafi. Kawu ta waya ya ce saitin wutar injin ne ya goce, shi da rabonsa da ganin motar an fi shekara. Na tambaye su, in ruwa ne a fetur, ruwan ya san wanda yake tuƙi ne da zai yi wa Baba ya ƙyale Dogo? Suka yi mini dariya. Ni kaina na taɓa zama kusa da Baba lokacin da abin ya tashi, na kuma saci kallon ƙafarsa. Tana rawa kam. To amma gwiwoyina ma suna rawa, madubi yana rawa, komai na cikin motar yana rawa. Ƙafar ce ta girgiza motar, ko motar ce ta girgiza ƙafar? Na juya wannan tambaya a raina har na gaji.

Da yake makullin yana hannuna, na riƙa ba Auta yana kai Inna asibiti yana ɗauko mini kaya. Ka san Auta da gidan mai ba sa ga maciji. Kwana goma yana yawo a kan man da Baba ya cika bayan ta mutu a bakin kasuwa, ko ɗigo bai ƙara ba. Ranar Talata da hantsi muka taso daga kasuwa da yadina cike da kujerar baya, muka fara hawan bayan tankin ruwa, sai motar ta ce ga ni nan. Ta fizga, ta yi tari, ta sake fizga, har bandir ɗin yadi ya faɗo mini a ƙeya. Auta ya yi tsuru-tsuru, gumi ya keto masa, na ga ya sunkuya yana kallon ƙafarsa. Na ce ko zai ɗaga ta a iska in duba masa? Bai yi dariya ba. A haka, tana tafiya tana tsayawa, muka lallaɓa kai tsaye zuwa garejin Dogo.

Tun kafin mu tsaya Dogo ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya miƙe, don karon farko ke nan da ya ji kukan da kunnensa. Ya buɗe bonet, ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Ya nuna mini tartsatsin wuta, shuɗi mai ƙarfi, ya ce wuta ba ta da laifi, saura a duba abinci. Ya ɗauko wani siririn tiyo da ake ganin abin da ke gudu a cikinsa, ya haɗa tsakanin famfon mai da kafireta. Da idona na ga fetur yana wucewa da ƙananan kumfa a jere. Ya ce iska motar take sha tare da mai, shi ya sa take sarƙewa. Sai ya cire tiyon da ya taho daga tanki, ya tsoma bakin famfon a cikin galan na fetur, nan take injin ya kwanta ya yi luf. Wato ciwon yana can wajen tanki. Ya leƙa ya dubi allurar mai, ta sauka kwata. Ya daɗe a tsaye yana sosa ƙeya, sannan ya ce shi fa duk zuwa huɗun nan tankin a cike fal yake ganinsa. Ya ce Auta ya hau babur ɗinsa ya ɗauko Baba.

Da Baba ya zo aka tambaye shi, sai ya dubi Dogo kamar ya yi tambayar banza. Ya ce ai tun a wurin aikinsa na farko tsofaffin direbobi suka koya masa, ba a kai wa makanike mota da datti, ba a kuma kai masa ita da yunwa. Sai ka wanke ta, ka cika tanki, don ya gwada ta son ransa, kada a ce direban ba shi da kula. Saboda haka duk ranar da zai zo gareji sai ya fara biyawa gidan mai. Dogo ya dafe kai da hannu biyu, ya ce ashe wata uku Baba yana kawo masa majinyaci bayan ya ɗirka masa magani a hanya. Aka sauke tanki. A cikinsa akwai wani siririn bututun ƙarfe da yake zuƙo mai daga ƙasa, ga tsaga nan a jikinsa, ƙasa da tsakiya kaɗan. In mai ya rufe tsagar, lafiya lau. In ya sauka ƙasa da ita, sai bututun ya riƙa zuƙar iska, a hawa kuma man yakan gangara baya abin ya ƙara tsanani.

Yaya, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, don daɗi da kuma kunya. Auta ya durƙusa a cikin baƙin man gareji da farin wandonsa ya nemi gafara. Ni kuma a gaban kowa na karɓi makullin daga hannunsa na miƙa wa Baba da hannu biyu. Na san ban nemi izininka ba, amma da kana wurin kai ma haka za ka yi. Dogo yana shirin liƙe bututun da dalma, yana jujjuya shi a hannu, sai ya ce abin mamaki tsagar nan tsohuwa ce, tsatsa ta cinye bakinta, ta yi shekaru, yaya aka yi ba ta taɓa damun kowa ba sai bana? Auta ya karɓe da cewa ai Baba bai taɓa barin allura ta sauka ƙasa da rabi ba, ya tuna mana yadda kai kanka ka sha faɗa a kan haka. Kowa ya yi dariya, har da ni. Ina cikin dariyar sai wata tambaya ta faɗo mini. In haka ne, me ya sa wata uku ke nan man Baba yake sauka ƙasa da rabi? Na dubi Baba, shi kaɗai ne bai yi dariya ba.

Shi ya tuƙo mu gida da la'asar, ina gefensa, Auta ya tsaya taya Dogo tattara kaya. Ka san yadda Baba yake sa giya, ko ruwa ne a kofi ba zai zube ba. Muka hau hawan nan motar ko tari ba ta yi ba. Da muka doshi gidan mai sai ya ce in duba masa inda allura take, wai rana ce take haske masa gilashin. Rana tana bayanmu, Yaya, gilashin kuma Dogo ya goge shi tas a gabana. Na gaya masa. Can gaba wani mai baro ya fara tsallaka titi da rodi. Tun daga nesa nake ganinsa ina jiran Baba ya sassauta, bai sassauta ba. Sai da ƙarafan suka yi ƙara a kan kwalta sannan ya taka birki, muka tsaya saura kaɗan. Ƙafar nan ta yi sauri fiye da ta saurayi. Ba abin da ya sami ƙafar Baba.

Da ya kashe mota a ƙofar gida, daga ni har shi babu wanda ya fita. Na tambaye shi tun yaushe. Ya daɗe yana shafa sitiyari, sannan ya ce an doshi wata biyar, yana gani kamar ta gilashin da aka shafa wa mai. Allurar ce ta fara ɓace masa, daga baya fuskokin mutane in suna nesa. Ya koma shan mai da ƙirgen kwanaki, to zirga-zirgar asibitin Inna ta ƙaru, ƙirgen ya ruɗe masa. Da sanin hanya da kunne yake tuƙi. Ya ce ranar da muka ɗora wa ƙafarsa laifi ransa ya ɓaci ƙwarai, amma a can ƙasan zuciyarsa ya ji sanyi da ba mu kalli idon ba, kuma har yanzu bai san wanne ya fi yawa ba. Ya roƙe ni, Baba da kansa yana roƙona, kada in gaya wa Inna ko Auta. Ya ce in ƙafa ce za a bar shi ya zauna a bencinsa da mutuncinsa, in kuwa aka ce ido ne, gobe za a fara kama masa hannu ana nuna masa bakin ƙofa.

Na shiga gida ban san inda nake sa ƙafa ba. Ni na miƙa masa makulli a gaban jama'a, ga shi na ga abin da na gani. In na sake karɓa, da wane dalili? In na yi shiru kuma ya taka ɗan wani, ni da Allah. Washegari da safe na zo da niyyar in yi masa magana ko da zai yi fushi da ni, sai na tarar ya fito tsakar gida ya zauna shan shayi da su Inna, abin da ya yi makonni bai yi ba. Ya sa aka kira Auta. Ya ciro makullin ya ajiye a gabansa, ya ce ya yi tunani, gaskiya ne motar tana da nata ciwon, amma ƙafar ma tana ɗan damunsa, don haka daga yau Auta ne direbansa. Mutumin da ya ƙaurace wa abincinmu saboda an yi wa ƙafarsa ƙarya, shi ne ya ɗauki ƙaryar da hannunsa ya yafa. Auta ya washe baki yana cewa dama shi ya faɗa, idonsa ba ya yi masa gizo. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya juyo ya dube ni, na mayar da bakina na rufe.

To ka ji inda muke. Mota ta warke, Baba ya daina tuƙi kamar yadda ka so, kowa a gidan hankalinsa ya kwanta sai ni. Ban sani ba ko daidai na yi da na yi shiru, ban kuma sani ba ko daidai nake yi yanzu da nake rubuta maka. Inna da Auta ya ambata, bai ambaci sunanka ba, ta wannan 'yar ƙofa na bi, Allah ya yafe mini in wayo na yi wa mahaifina. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki, ban ce ko wane ne ba, ta ce in yanar ido ce ana iya cire ta, amma sai likita ya duba, kuma jinkiri ba shi da amfani. Na yi masa maganar sau biyu, ya ce in bar shi ya ji da ƙafarsa tukuna. Ni ba zan iya kai shi asibitin ido a ɓoye ba, Auta ne mai tuƙi, kuma Auta ba ya kwana da magana a ciki.

Don haka roƙona ɗaya ne, ka nemi hutu ka zo. Kada ka kira shi a kan wannan, kada ka kira Auta. Ka zo kamar ka zo ganin gida, ka karɓi makulli ka ce za ka zaga gari da shi ku biyu, yadda ya riƙa zagawa da kai lokacin da yake koya maka. In kun fita, ka fara ba shi haƙuri a kan ƙafar, don har yau kai kaɗai ne ba ka ba shi ba. Sauran maganar ban san yadda za ka ɗauko ta ba. Na gwada jera maka kalmomin a raina, duk wadda na ɗauka sai in ga za ta yi masa ciwo.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da haƙurin da take yi da kai. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Baƙa da takwaran Baba, ka ce gwaggonsu ta ɗinka musu kaya, suna nan sai wanda ya zo ya karɓa. Ka gai da Baffa da iyalinsa in kun haɗu. Inna tana gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, ta ce a yi ta addu'a Allah ya ba Baba lafiyar ƙafa. Kullum safe da yamma sai ta dafa ruwa ta gasa masa ita da tsumma, shi kuma ya miƙe ta a kan kujera, in ta tambaye shi ya ce da sauƙi. Zan tsaya nan, ga ta can tana kirana in riƙe mata kwanon ruwan.

Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma sa ka zo da wuri.

Wassalam,
Ƙanwarka mai ɗinki